Gangaren Kanya a Bakin Teku

Tun da na dawo ban zauna a teburin mai shayi na sha kofi guda cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce da gaske ne teku ba shi da tsallake, wancan ya ce an ce har ƙaguwa na ci, wani kuma abin da ya dame shi kawai ina tsarabarsa. Na gaji da maimaitawa, kuma duk maimaitawar sai raina ya sake ɓaci. Don haka ga shi na rubuta gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni in yi aikina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabi'u, mai fenti ne ni a Kwanar Dangora. Allunan shaguna nake rubutawa, da bayan manyan motoci, in an yi saukar karatu kuma a kawo mini allo in yi zayyana. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, yana zaune a wani ƙauye kusa da Bebeji, inda aka tsugunar da su bayan ruwan Tiga ya cinye garinsu, Gangaren Kanya. Ni bayan tashin aka haife ni, ban taɓa ganin garin ba, kuma babu hotonsa ko ɗaya a duniya. Amma na san shi a bakin Malam fiye da yadda na san wasu unguwannin Kiru: kanyar da ke ƙofar masallaci, jerin rumbuna a bayan gidan mai unguwa, dutsen da ke arewa, da gangaren da mata ke bi zuwa rafi. Tsaransa da suka rage ba su da yawa, kuma sun watse, wani yana Kiru, wani Tudun Wada, wani can Doguwa. Burin Malam shi ne kowannensu ya sami hoton garin ya rataye a ɗakinsa kafin ta Allah ta kasance. Kar wani ya ce ai da na zana na kai an buga a kwamfuta. Na kai. Malam ya duba ya ce wannan ai kalanda ce, kafin damina ta zagayo kuwa ta koɗe.

Yadda tafiyar ta samo asali shi ne, akwai wata tirela da na zana wa tafki da duwatsu a baya, na sa lambar wayata a ƙasa kamar yadda muke yi. Motar ta shiga har Kwatano da kaya, wata mata mai gidan koyar da zane a bakin teku ta gani, ta sa aka kira ni. Wai suna tara masu zane daga ƙasashe a koya musu buga hoto mai launi da katako, a sassaƙa katako a shafa tawada a manna takarda, hoto ɗaya ya fito da yawa. Da na gaya wa Malam sai ya ce in je, amma da sharaɗi kar in zana mai rai. Da zan fita ya riƙe hannuna ya ce, "Ka kawo mana garin, Sabi'u." Na sa masassaƙin alluna ya fitar mini da faffaɗan katakon aduwa guda biyu, na naɗe su a bargo.

Mai tirelar nan, Haladu, shi ya ɗauke ni, ya yi lodin masara daga Doguwa zai kai Legas. Haladu mutum ne da ba ya wasa da salla, kuma ba ya barin direban da ya wuce shi bai zage shi ba, har na rasa wanne ya fi ba muhimmanci. Mun wuce Zariya da Kaduna lafiya. Can bayan Mokwa taya ta fashe a kan gangara. Na sauka na zaga bayan gari, ina dawowa na ji wata ƙara kamar an taka busasshen kara. Ashe Haladu ya nemi abin da zai tare taya da shi bai samu ba, ya buɗe bargona ya zaro katako ɗaya ya cusa. Tirela cike da masara ta hau kansa. Da na yi magana sai ya ce shi ya zaci guzurin itacen girki ne, kuma ai ga wani nan ya rage, me zan yi da biyu. Har muka isa Ilori ina fushi da shi, shi ko a jikinsa, goronsa kawai yake ci.

Legas ba zan daɗe a kanta ba, don ita ma ba ta daɗe a kaina ba. Na yi wa mutum sallama ya dube ni kamar na tambaye shi bashi. Haladu ya sa ni a motar da ke zuwa kan iyaka, ya ce in riƙe jakata kamar amana. A kan iyakar kuwa kafin in sauke ƙafa wani ƙato da ba kaki a jikinsa ya fizge jakar ya yi gaba, wai taimakona zai yi. Na bi shi da gudu rungume da katako. A teburin bincike aka zazzage kayana, aka ga wuƙaƙen da nake gyara alƙalami da su, aka ga katako a bargo, aka shiga ƙwanƙwasa shi ana kasa kunne ko akwai rami a ciki. Na yi bayani da Hausa, na yi da guntun Turancina, ba wanda ya gane dalilin da zai sa mai hankali ya ɗauko itace daga Kano zuwa ƙasar da daji ya yi mata yawa. Daga ƙarshe wani daga cikinsu ya yanke hukuncin cewa allo ne, ni kuma babban malami ne, ya sunkuyar da kai ya ce in yi masa addu'ar ƙarin girma. Na yi masa, tunda addu'a ba ta da laifi, aka buga mini hatimi.

A Kwatano 'yan acaɓa duk rawayar riga suke sawa, fetur kuma a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi kamar zoɓo. Na sauka a zango, inda na haɗu da wanda aka ɗauka ya zama tafintana, Ila mai shayi. Mutumin Tudun Wada ne da ya daɗe a can har ya auri 'yar ƙasar, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Da ya ji daga Kiru nake sai ya ce to Allah Ya sa ban zo da rowar mutanen Kiru ba. Na ce ai mu sai dai a ce mun cika kyauta. Da na san abin da ke gaba da na haɗiye wannan maganar.

Washegari muka hau mota zuwa wani ƙaramin gari a bakin ruwa. Mai gidan, wadda kowa ke ce wa Madam, Baturiya ce doguwa, mai fara'a har ta yi yawa. Tana ganina ta taho da sauri ta miƙo fuska za ta sumbaci kumatuna, haka suke gaisawa, mace da namiji, babba da yaro. Na ja da baya, na taka kwanon abincin karenta, karen ya yi kaina. Karen nan yana da suna, yana da kujerarsa a falo, kuma shi aka fara ba haƙuri kafin ni. Mu a wurinmu in baƙo ya zo sai an tambaye shi gajiya, da iyali, da mutanen gida, da damina, har sai ya gaji da amsawa. A can kalma ɗaya ce, an wuce wurin. Bayan gida ba buta, sai da Ila ya shiga kasuwa ya samo mini. Abinci kuwa kifi da safe, kifi da rana, kifi da yamma, da wani farin tuwo mai tsami a ganye. Ƙaguwa an kawo, ban ci ba, mai tambaya ya huta. Na dogara da kilishin da na taho da shi, sai na buɗe na tarar ya yi furfura saboda laima. A garin nan ko wanki ka shanya sai ya yini yana tunanin ko zai bushe.

Abin da ya fara ƙona mini rai da gaske shi ne ranar da za a kai ni ganin teku. Na ga duk ɗaliban sun fito, kowa riƙe da waya, sun sa ni a gaba kamar ragon suna. Na tambayi Ila lafiya. Ya ce Madam ce ta gaya musu daga sahara na zo, ban taɓa ganin ruwa mai yawa ba, suna so su ɗauki fuskata a ganin farko. Ni da na koyi iyo a Tiga tun ban iya ɗaura zariyar wando ba, ni da garinmu in aka shiga Agusta sai ka nemi inda za ka taka. Na ce wa Ila ya gaya musu a gonar Malam har shinkafa ake yi. Ya faɗa, suka yi murmushi irin na an ji yaro yana cika baki. Don in nuna musu ruwa ba baƙona ba ne sai na naɗe wando na shiga da ƙarfina. To ruwan Tiga yana zaune ne a inda ka bar shi, wannan kuwa tasowa yake ya same ka. Wata igiyar ruwa ta yi sama da ni ta maka da ƙasa, ta tafi da takalmina ɗaya, wayata kuma ta sha gishirin da ba ta sake farfaɗowa ba. Hoton da suke nema sun same shi.

Mai koyarwar shi ne mutumin da ya fi kwanta mini a gidan. Dattijo ne ɗan ƙasar, ana ce masa Baba Kosi, mai kaurin yatsu, ba ya son yawan magana. Ya ba kowa katakon shago mai laushi, na ce ni da nawa na zo. Ina buɗe bargo na ga aduwata ta sha laima ta gantsare kamar bayan kwale-kwale. Saura kaɗan in yi kuka. Baba Kosi ya ɗauka ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya gyaɗa kai, ya jiƙa ɓangare ɗaya ya ɗora mata manyan duwatsu, ya ce a bar ta ta saba da garin. Ta kuwa miƙe.

Ga yadda aikin yake, ku saurara, don a nan duk masifar take. Katako ɗaya ne ake buga duk launukan da shi. Za ka zana hotonka a jiki, ka sassaƙe duk inda kake so ya zauna fari, ka shafa launi mafi haske da rola, ka ɗora takarda ka goge bayanta da bayan cokali. Haka za ka yi wa takardunka gaba ɗaya. Sai ka wanke katakon, ka sassaƙe duk inda kake so ya zauna da wannan launin, ka shafa na biyu, ka maido takardun ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sauka daidai inda ta sauka da farko. Kowane launi sai ya ci wani sashe na katakon. Kafin ka kai ga baƙi, wanda shi ne na ƙarshe, babu abin da ya rage sai 'yan layuka a tsaye. Ma'ana abin da ka buga ka buga, ko sarkin duniya ne ya ce a ƙara masa ɗaya ba hali. Ni da na saba in na yi kuskure in shafe da farin fenti in sake, wannan ya zame mini kamar yankan rago.

Sauran ɗalibai teku suke zanawa, da bishiyar kwakwa, da masunta suna jan taru. Madam ta so in sa masunta ni ma, na ce akwai alkawari tsakanina da mahaifina. Na zana ruwa shimfiɗe, dutse a bayansa, kwale-kwale ɗaya ba kowa a ciki, a ƙarƙashin ruwan kuma ga gari ana hangowa: kanya, masallaci, rumbuna, gangare. Allah Ya taimake ni Baba Kosi ya sa na fara gwaji a guntun katakonsu, sai na ga hoto a juye yake fitowa, dama ta koma hagu, alƙiblar masallacin ta kalli yamma. Da haka na kai wa Malam da sai ya tambaye ni yaushe mutanen Gangaren Kanya suka bar Musulunci. Na juya zanen. A nan zan faɗi gaskiya, tekun da na ƙullata ya yi mini rana, don a bakinsa na zauna na ga ashe ruwa ba shuɗi ɗaya ba ne, akwai kore a ciki, akwai toka-toka, akwai inda yake ɗauko launin ƙasa. Na yi shekaru ina shafa wa ruwa shuɗin gwangwani a bayan motoci ban lura ba.

Aduwa tana da tauri, ta cinye mini yatsu, amma layinta tsaf yake fita. Na buga rawaya mai haske, na bi da kore, na bi da shuɗi, da ƙasa-ƙasa, sannan baƙi. A kowane launi sai na yi asarar takarda, wata ta zame, wata laima ta sa ta miƙe har kanya ta fito da inuwa biyu. Ni a raina ko waɗannan ma tsaraba ce, akwai waɗanda za su karɓa da murna. Sai na wayi gari na tarar an yayyaga su. Wai ƙa'idar gidan ce, hoton da ya lalace ba ya fita, kar ya ɓata sunan mai shi. Na ce wa Ila ya tambaye su wa ya ce musu sunana ya kawo ƙara. Masu kyan da suka rage ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba. Na lissafa a zuci, na Malam, na abokinsa na Kiru, na Tudun Wada, na Doguwa, sun isa har da ragi. Ranar da na ɗaga takardar ƙarshe na ga garin ya fito a ƙarƙashin ruwa, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a sana'ata.

A ƙarshen koyon ana yin baje koli, a gayyato manyan baƙi. Aka sa ɗaya daga cikin nawa a firam aka rataye, sauran aka jera a tebur, aka liƙa wata 'yar takarda a gefe da Faransanci. Na ce wa Ila ya karanta mini. Ya yi ta kame-kame, da na matsa sai ya ce an rubuta wai teku a idon mutumin sahara. Na nufi Madam kai tsaye. Na ce wannan ba teku ba ne, ruwan Tiga ne, wannan kuma garin ubana ne a ƙasa, kuma yana da suna. Ta dafa ƙirji ta ce labarin ya taɓa mata zuciya, amma baƙi sun fi son wancan, kuma an riga an buga. Ko sunan garin ba ta ce in maimaita ba. Na koma gefen teburina na tsaya ina huci.

Ina nan tsaye wani Bature mai farin gashi ya zo ya ɗauki ɗaya, ya daɗe yana kallo, ya shiga yabo, Ila yana fassarawa. To ku da kuka san gida ku gaya mini, mutum ya tsaya a gabanka yana yaba abinka, me ɗan da aka yi wa tarbiyya zai ce? Ko hula ce a kanka aka ce ta yi kyau, ai cewa za ka yi ga ta. Shi kuma ya ce a'a wallahi, ta fi dacewa da kai, Allah Ya bar zumunci, kowa ya riƙe mutuncinsa, hula ta zauna a kan mai ita. Na ce, "Ai naka ne, ɗauka mana."

Ila ya dube ni ya rage murya. "Malam Sabi'u, in faɗa masa haka?"

"To da me za ka faɗa masa?"

"Mutanen nan fa ba su san tayi ba."

Na ce babu inda ba a san tayi ba a duniya, ya faɗa kawai. Ya faɗa. Idon mutumin ya ciko da ƙwalla, ya rungume ni, ya naɗe hoton ya sa a hammata. Na tsaya ina jiran ya ce a'a, har ya kai bakin ƙofa ina jira.

Wata mata da ke kusa ta ga abin da ya faru, ta matso ita ma da nata yabon. Yanzu ka yi wa wani tayi a gaban mutum, shi ka hana shi? Bakina ya faɗa kafin zuciyata ta hana. Ta ɗauka. Labari ya zaga ɗakin cewa mutumin sahara yana rabo, kafin in ankara teburin ya zama wayam. Ila yana ta taka mini ƙafa, ni kuma gumi kawai nake yi ina murmushin dole. Ba wanda ya ce a'a ko da sau ɗaya ne na kara. Yaron goye ma a garinmu in ka miƙa masa abu sai ya dubi uwarsa tukuna. An ce kunyar mara kunya asara ce, ranar na ga fassararta da idona.

Na ce to alhamdu lillahi, na bangon yana nan, Malam zai samu, abokansa sa zo su gani a ɗakinsa. Baƙi sun fara watsewa sai Baba Kosi ya zo ya tsaya a gabansa, hannu a baya. Ya daɗe. Sannan ya yi magana a hankali, Ila ya ce wai tun da yake koyarwa ba a taɓa buga ruwa mai nauyi irin wannan ba, kamar akwai mutane a ciki ko da ba a zana su ba. Malamina ne, shi ya miƙar mini da katako, shi ya riƙe hannuna a yankan farko. Na yi wa baƙin da ban sani ba tayi, shi in yi shiru? Kuma na ce a raina wannan dattijo ne baƙar fata ɗan'uwana, shi kam ya san abin da ake nufi. Na ce, "Baba, ai naka ne." Ya dube ni, ya sa hannu biyu ya sauke firam ɗin daga bango, ya ɗan rusuna.

A hanyar masauki na sauke wa Ila kwandon faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce a al'adar su Baba Kosi mayar da kyauta zagi ne, kamar ka ce wa mutum hannunsa ba shi da tsarki. Ko ba ya so dole ya karɓa. Na ce to al'adar banza ce. Ya ce haka su ma za su ce game da mutumin da ke ba da abin da ba ya so a karɓa. Na ce ba a tambaye shi ba.

Da safe na yanke shawarar zan lashe amaina. Na sa Ila a gaba muka je gidan Baba Kosi, na shirya maganata tsaf, zan ce masa ubana yana jiran hoton. Ya karɓe mu da murna, ya ja ni har ɗakinsa. Ga hoton a bango, ya rataye shi kusa da hoton marigayiyar matarsa, ya kira 'ya'yansa da jikoki suna gaishe ni ɗaya bayan ɗaya. Ila ya zungure ni in yi magana. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne na zo sallama ne. Na koma gidan Madam na ce a ba ni wuri in sake wani ko da a katakonsu ne, aka ce lokaci ya ƙare, wasu ɗalibai na zuwa ɗakin. Na tambayi ko akwai wanda ya ɗauki hoton aikin a waya. Ila ya ce shi ya ɗauka. Na duba, ni ne da Madam muke tsaye, kaina ya rufe garin gaba ɗaya, sai gefen dutse ake gani.

Dawowa ba abin faɗi. Na haɗu da Haladu a Legas, ya ga katakon ya rame ya zama ramuka, ya ce ashe gara wanda ya taka, shi ko ba komai ya yi aiki. Ban tsaya a Kwana ba, na wuce Bebeji kai tsaye, don gara a yi ta ta ƙare.

Na tarar da Malam a zaure bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can, idonsa yana kan bargon. Na buɗe na ajiye masa abin da ya rage na katakon, na kwashe labari na gaya masa, ban rage komai ba. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya yi dariya har da tari, ya ce ai da ban yi tayin ba da shi ne zai ji kunya, kuma ashe garin da ko mota ba ta taɓa shiga ba yau ga shi ya hau jirgin sama. Na fara jin sanyi a raina. Ya ɗauki katakon yana juyawa, ya gane kanyar, ya gane masallacin. Sannan ya ce, "Cikin waɗanda suka ɗauka, wa ya tambaye ka sunan garin?"

Na ce babu.

"To a can me suke ce masa?"

"Teku, Malam."

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye katakon a kan buzu. Sannan ya ce, "Ruwa ya ci shi sau biyu ke nan."

Ya tashi ya shiga cikin gida, na ji yana kiran a kawo masa guduma. Na bi shi na tarar yana ƙoƙarin cire ƙyauren ɗakinsa da kansa. Tsohon ƙyaure ne baƙi, na girma ina ganinsa ban taɓa tambaya ba. Ashe na ɗakin mahaifinsa ne a Gangaren Kanya, shi ya ɗauko shi a ka ranar tashi, kuma shi kaɗai ne abin garin da ya rage a hannunsa. Na ce Malam aikin nan fa cinye katako yake yi, in na gama babu sauran ƙyaure. Ya ce ya ji bayanin tun a zaure, kunnensa ƙalau.

"Ka sassaƙa," in ji shi. "Ka sa sunan a jiki yadda ba mai iya cirewa. In ka gama ka kawo mini nan, ni zan raba. Kai ba a ba ka ajiya."

Shi ya sa kuka ga tsohon ƙyaure jingine a shagona, masu tambayar ko na koma kafinta. Malam yana can yana kwana da tabarma rataye a ƙofa, ga sauro, ya kuma hana a sa masa wani sai na gama. Na wasa wuƙaƙen, na yi zanen a juye, na duba alƙibla. Kullum da safe sai in ɗora wuƙa a kai, in tuna a ka ya ɗauko shi, in sauke. Wanda ya shigo shagon ya ga aikin ya burge shi, don Allah ya yi shiru da bakinsa.